Yadda Ake Mayar Da Tsohuwar A-kori-kura Hot Rod: Darasi Daga Ford F-100

A Amurka akwai masu neman tsohuwar a-kori-kura da ta shekara 70, wadda wataƙila ta daɗe yashe a bayan gona, su saye ta, su kwance ta kaf har ƙusa ta ƙarshe, sannan su sake haɗa ta. Idan an gama, daga waje mota ce ta 1953, amma abin da ke ƙarƙashinta na zamanin nan ne: inji mai kwamfuta, birkin faifai, giya mai canza kanta. Irin wannan mota ake kira hot rod. Masu rubuta manhaja za su gane tsarin nan da nan, domin ya yi kama da tsohuwar manhajar da aka sauya mata komai na ciki aka bar fuskar da mutane suka saba da ita.

Al'adar ta taso ne a kudancin Kalifoniya cikin shekarun 1930, inda matasa ke rage wa tsofaffin motocin Ford nauyi su je tsere a busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage. Injin V8 da Ford ta fitar a 1932 shi ya ba su ƙarfi a farashi mai sauƙi. A 1948 mujallar Hot Rod ta fara fita, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar tsere ta NHRA. Motocin ɗaukar kaya sun shigo harkar daga baya, kuma cikin waɗanda aka fi so akwai Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956 da Chevrolet 3100 ta zamaninta.

Wannan darasi zai bi F-100, kuma zai bi aikin a jerin da ya kamata a yi shi. Jerin yana da muhimmanci domin sabon shiga yakan fara da sayen inji, kuɗinsa su ƙare a can, ya wayi gari da mota mai gudu wadda ba ta iya tsayawa.

Abin da ake samu idan an sayo ta

F-100 ta 1953 mai V8 ta fito da injin da ƙarfinsa bai wuce doki ɗari da 'yan kai ba. Duk sauran kayanta an auna su ne da wannan ƙarfi. Tayoyin gaba suna kan sandar ƙarfe guda da ke zaune a kan sifirin mai falle-falle. Birki na ganga ne a ƙafafu huɗu. Lantarkinta bolt 6 ne, kuma waya mai alamar tarawa ce ke haɗe da jikin mota, akasin motocin yau. Sai a 1956 Ford ta koma bolt 12. Sitiyari babu mai taimaka masa, sai ƙarfin damtsen direba.

Kafin a biya kuɗi, tsatsa ake fara dubawa: kusurwoyin ɗakin direba na baya, daɓen da ake taka ƙafa, gindin ƙofofi, da wuraren da bodi ke zama a kan shasi. Motar da ta rayu a busasshiyar jiha kamar Arizona ta fi wadda ta fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko da ta fi tsada, saboda aikin walda da na fanabita sa'o'i yake ci ba adadi. Abu na biyu takardu ne. Idan lambar shasi ba ta dace da ta takarda ba, ana iya kashe shekaru ana gini a ƙarshe a kasa yi wa motar rajista.

Shasi da ƙafafun gaba

Shasin wannan mota dogayen ƙarafa biyu ne masu siffar harafin C, wato buɗe suke ta ciki. An yi su haka da gangan don su riƙa ɗan murɗawa idan mota ta ɗauki kaya a hanyar gona. Idan aka ɗora musu inji mai ƙarfin doki 300, wannan murɗawa ta zama matsala: ƙofofi su daina rufuwa daidai, walda ta fara tsagewa. Maganinsa shi ne a yi waldar farantin ƙarfe a rufe gefen da ke buɗe, ƙarfen ya koma kamar akwati. Ana yin waldar kaɗan-kaɗan, ana tsallake wuri ana barin ƙarfe ya huce, domin zafi mai yawa a wuri ɗaya yana lanƙwasa shasi. Kafin a fara da bayan an gama ana auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan awon biyu suka bambanta, shasin ya karkace, kuma motar za ta riƙa tafiya a kaikaice komai kyan tayoyinta.

A gaba, yawancin masu gini suna cire sandar nan guda su sa ƙafafu masu motsi daban-daban. Tsarin da ya fi yaɗuwa an kwaikwayo shi ne daga Mustang II ta 1974 zuwa 1978, kuma kamfanoni irin su Heidts da TCI suna sayar da shi a shirye. Da shi ake samun birkin faifai da sitiyari mai sauƙi a lokaci guda, motar kuma ta sauko ƙasa. Akwai kuma masu ciro gaban Crown Victoria ta 2003 zuwa 2011, amma faɗinsa ya fi dacewa da F-100 na shekarun 1960 da 1970. A ta 1953 tayoyi sukan so su leƙo waje. Wurin da ake yawan kuskure shi ne tsayin sandunan sitiyari. Idan ba su yi daidai da hannuwan ƙafafun ba, duk lokacin da mota ta faɗa rami tayoyin za su ɗan juya da kansu ba tare da direba ya taɓa komai ba. A gudun kilomita 110 wannan ba abin wasa ba ne.

Birki

Ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa. Motar da ke gudun kilomita 120 tana ɗauke da ƙarfi ninki huɗu na wadda ke gudun 60, kuma duk wannan ƙarfi zafi yake komawa a jikin birki. Ganga tana riƙe zafi a ciki, idan ta yi zafi sosai sai ta daina kamawa. Faifai a buɗe yake, iska na sanyaya shi.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari. Tukunyar man birki ta asali hanya ɗaya gare ta zuwa ƙafafu huɗu, don haka tiyo ɗaya ya fashe, birki ya tafi gaba ɗaya. Sai a ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta tilasta tukunya mai hanya biyu, gaba daban baya daban. Sauya wannan ba ya cikin ayyuka masu tsada, kuma ko wanda ya ƙudurta barin tsohon inji ya kamata ya yi shi. Ana ƙara bawul mai rage matsin da ke zuwa baya, don kada tayoyin baya su riga na gaba kullewa. A-kori-kura marar kaya bayanta ba nauyi, da wuri take juyawa.

Inji da kwamfutarsa

Yanzu aka zo inji. Wanda aka fi sakawa shi ne dangin LS na kamfanin GM, wanda ya fara fitowa a Corvette ta 1997. Mai lita 5.3 da aka sa a Silverado daga 1999 yana cike a wuraren sayar da kayan motocin da suka yi hatsari, ƙarfinsa ya kusa doki 300, kuma jikinsa ƙarami ne. Masoya Ford suna jin haushin ganin injin Chevrolet a cikin F-100, ba sa ɓoye hakan a wuraren baje koli. Nasu zaɓin shi ne Coyote mai lita 5.0 da ya fito a Mustang ta 2011 da ƙarfin doki 412. Inji ne mai kyau, sai dai kansa yana da faɗi, ya fi tsada, kuma sai an yi dabara kafin ya bar wa sandar sitiyari hanya. Ga mai ginin farko, LS ya fi saukin sha'ani.

Tsohon inji da kafireto yake aiki: iska na wucewa tana zuƙo mai. Sabon inji ba ya tashi sai da kwamfuta, wadda makanikai ke kira biren bos. Tana karanta na'urar da ke ƙirga juyawar inji, da mai auna iskar da ke shiga, da mai auna zafin ruwa, da mai auna iskar oksijin da ta rage a hayaƙi. Da waɗannan take lissafa tsawon lokacin da kowace nozul za ta buɗe da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Idan inji ya ɗumama tana ƙoƙarin riƙe awon iska kashi 14.7 ga mai kashi 1, tana duba hayaƙi tana gyara kanta sau da yawa a daƙiƙa.

Matsalar ita ce kwamfutar da aka ciro daga Silverado tana zaton har yanzu a Silverado take. Tana jiran saƙon tsaro daga tsarin makullin motar asali. Idan ba ta samu ba, inji zai tashi na daƙiƙa biyu ya mutu. Mutane da yawa sun canza famfon mai da fulogi a banza saboda wannan. Sai an shiga ƙwaƙwalwarta da manhaja irin HP Tuners an kashe wannan sharaɗi, an kuma gaya mata girman sabbin tayoyi da awon giyar baya. Wani tarkon shi ne faifan da ke cikin inji wanda ake ƙirga juyawa da shi: tsofaffin LS mai haƙora 24 suke da shi, na baya-bayan nan mai 58. Kwamfutar wannan ba ta fahimtar wancan. Shi ya sa ake so a sayi inji, giyabos, kwamfuta, wayoyi da totur duk daga mota ɗaya.

Wanda ba ya son kokawa da kwamfutar kamfani yana iya sayen mai zaman kanta kamar Holley Terminator X, wadda ke koyon yawan man da inji ke so yayin da ake tuƙi. Masu son taɓa komai da hannunsu suna da MegaSquirt, da kuma Speeduino da aka gina a kan allon Arduino Mega, wadda lambobinta a buɗe suke ga kowa. Wannan hanya tana koyar da abu da yawa, amma kuskuren lamba ɗaya a jadawalin wuta yana iya narkar da fistin.

Lissafin giyar baya

Aksul na baya ma sai an sauya, galibi da Ford 9-inch ko 8.8 na Explorer mai zuwa da birkin faifai. Kafin a zaɓi awon giyarsa akwai lissafin da masu gini ke yi: gudu a mil, sau awon giya, sau 336, a raba da tsayin taya a inci. A ɗauki mil 65 a sa'a, wato kusan kilomita 105, da giya 3.73 da taya mai inci 28. Sakamako shi ne juyi kusan 2,900 a minti, wanda zai cika ɗakin direba da ƙara ya kuma sha mai. Giyabos 4L60E da ke zuwa da LS yana da giya ta huɗu mai awon 0.70, wadda ke sauko da juyin zuwa kusan 2,040. Minti biyu na lissafi a waya ya isa ya hana sayen aksul da bai dace ba. Wajen ɗaurawa kuma, karkatar inji da ta bakin aksul dole su yi daidai da juna, in ba haka ba farfela za ta riƙa girgiza motar.

Wayarin da tankin mai

Tsohon wayarin ba a gyara shi, cire shi ake yi duka. Rigar wayoyin ta zare ce, ta bushe ta farfashe, kuma fiyus kaɗan ne a motar. Ana shimfiɗa sabo mai akwatin fiyus, a sa altaneta a madadin tsohon janareto, a ba fanka da famfon mai da fitilu kowanne nasa rile. Wayar da ke haɗa batir da inji da shasi da bodi ita aka fi rainawa, alhali yawancin matsalolin da ake ɗora wa kwamfuta daga nan suke: haɗin ya yi sako-sako ko fenti ya shiga tsakani, na'urori su riƙa aika karatun ƙarya.

Kafireto matsin mai na awo 5 zuwa 7 yake so, LS kuma kusan 58, don haka famfo da tiyo duk sabbi ake sawa. A yawancin motocin ɗaukar kaya na wancan zamani tankin mai yana cikin ɗakin direba ne, a bayan kujera. Ana fitar da shi a mayar ƙarƙashin akwatin kaya tsakanin ƙarafan shasi. A wannan mataki ake sa bel na kujera da sandar sitiyari mai lotsewa idan an yi karo.

Fenti shi ne na ƙarshe, kuma nan ra'ayi ya rabu. Wasu suna fesa sabo mai ƙyalli su shimfiɗa sabon katako a akwatin kaya. Wasu suna barin tsohon launin da rana ta ƙona, su shafa masa abin da zai tsayar da tsatsa kawai. Ko wanne aka zaɓa, ƙwararru suna haɗa motar gaba ɗaya ba fenti, su tuƙa ta, su gama duk huda da walda, sannan su sake kwance ta a fesa.

Ranar tashin farko ana cire fiyus na famfon mai, a juya inji har ma'aunin matsin baƙin mai ya motsa, sannan a mayar da fiyus a duba ko akwai yoyo, da abin kashe gobara a kusa. Kwamfutar GM tana magana ta kafar OBD-II, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996, don haka ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhajar Torque a wayar hannu sun isa a ga zafin ruwa da yawan gyaran man da kwamfutar ke yi. Idan gyaran ya haura kashi 10 cikin ɗari, ana fara neman inda iska ke satar shiga. Tafiyar farko a fili ake yin ta, a hankali, ana taka birki akai-akai, sannan a dawo a bi ƙusoshin ƙafafu da na sitiyari ɗaya bayan ɗaya a sake ɗaure su.