DARASI NA 12: RUBUTA TAKARDAR BAYANIN KAI DOMIN NEMAN AIKI

Karanta wannan bayani a tsanake, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

Jama'are da Azare garuruwa ne da ke arewacin Jihar Bauchi. A Azare fadar Sarkin Katagum take, kuma a nan Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh take. A shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Jama'are, a 2021 kuma ta amince da kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare. Irin waɗannan wurare suna buƙatar malamai da akawu da ma'aikatan ɗakin karatu da direbobi. Sai dai a ko'ina masu neman aiki sun fi guraben yawa. Mai ɗaukar ma'aikata ba ya iya ganawa da kowa, saboda haka takarda yake fara dubawa kafin ya ga mai ita.

Wannan takarda ita ce takardar bayanin kai, wadda aka fi sani da CV. A cikinta mutum yake bayyana ko shi wane ne, da ilimin da ya samu, da ayyukan da ya taɓa yi. Hausawa kan ce, "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta." Idan takardar ta tsaru, sai a kira mai ita ganawa. Idan ta zo a hargitse, sai a ajiye ta gefe, ko da mai ita gwani ne. A Nijeriya galibi da Ingilishi ake rubuta ta, amma tsarinta ɗaya ne a kowane harshe.

Sassan Takardar

1. Bayanin kai: cikakken suna, ranar haihuwa, jiha da ƙaramar hukuma, adireshi, lambar waya da imel.
2. Ilimi: sunan makaranta, shekarun karatu da shaidar da aka samu. Ana farawa da ta ƙarshe, a gangaro zuwa firamare.
3. Ayyukan baya: wurin aiki, muƙami, shekaru da abin da aka aiwatar.
4. Ƙwarewa: harsunan da mutum yake ji, sarrafa kwamfuta, tuƙi da makamantansu.
5. Masu ba da shaida: mutum biyu ko uku da suka san halin mai nema da aikinsa.

Sashe na uku shi ne zuciyar takardar ga wanda yake son canja aiki. A ɗauka cewa wata malama ta yi NCE a Azare, ta koyar shekara biyar a wata firamare a Jama'are, yanzu kuma tana neman koyarwa a makarantar da ta fi girma. Idan ta rubuta, "Ni mace ce mai ƙwazo da haƙuri," ba ta faɗi abin da ya bambanta ta da sauran ba, domin kowa zai iya rubuta haka. Amma idan ta rubuta, "Na koyar da Hausa da Lissafi a aji huɗu mai ɗalibai 60, na shirya muhawara tsakanin azuzuwa, na kuma riƙe rajistar makaranta shekara biyu," to ta nuna aikinta a fili. Mai karantawa da kansa zai gane ƙwazonta.

Haka kuma, ba a aika takarda iri ɗaya ko'ina. Idan malamar nan aikin ofis take nema, sai ta gabatar da riƙon rajista da iya kwamfuta a kan sauran. Sannan ba a zagin tsohon wurin aiki, ko da an rabu ba daɗi.

Abubuwan Kiyayewa

Na farko, gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne: wanda ya ce ya iya kwamfuta alhali bai iya ba, ranar ganawa asirinsa zai tonu. Gabatar da shaidar jabu kuwa laifi ne a gaban doka. Na biyu, suna da ranar haihuwa su dace da abin da ke cikin takardun WAEC ko NECO da katin ɗan ƙasa. Wanda ya kammala digiri ko babbar difloma ya ambaci takardar hidimar ƙasa, ko ta ɗauke masa hidimar. Na uku, a nemi izinin masu ba da shaida kafin a sa sunansu, kada a kira su a waya su ce ba su da labari. Na huɗu, takardar kada ta wuce shafi biyu. Daga ƙarshe, a ba wani ya karanta ya gyara kurakurai, domin ido ba ya ganin kansa.

Sababbin Kalmomi

gurbi (jam'i: gurabe): wurin aiki da babu kowa a kai
ganawa: zama da mai neman aiki domin yi masa tambayoyi
muƙami: matsayin mutum a wurin aiki
jabu: abin da ba na gaskiya ba
a hargitse: ba bisa tsari ba

Nahawu

Ana bayyana ayyukan baya da shuɗaɗɗen lokaci: na koyar, na shirya, na riƙe. Aikin da ake kan yi kuwa ana bayyana shi da lokaci mai ci: ina koyarwa, ina shiryawa, ina riƙewa.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai ɗaukar ma'aikata yake fara duba takarda?
2. Kawo sassa biyar na takardar bayanin kai.
3. Wace jimla ce ta fi amfani ga malamar, kuma don me?
4. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Ramin ƙarya ƙurarre ne."
5. Mayar da waɗannan zuwa lokaci mai ci: na gyara, na karanta, na tsara.

Aikin Gida

Ka ɗauka cewa wani kantin littattafai a garinku yana neman mai kula da ciniki a lokacin hutu. Rubuta takardar bayanin kanka da Hausa a shafi ɗaya.