Ƙwallo Za Ta Amfani Samarin da Yaƙi Ya Raba da Gida?

Tambaya: Tun da yaƙin Sudan ya koro jama'a zuwa Sinnar, samari da yawa a makarantu da rumfunan kasuwa suke kwana. Muna son haɗa musu ƙwallo, amma dattawa sun ce mai jin yunwa ba ya wasa. Wa ke da gaskiya?
Daga wani mai karatu a Mai Wurno

Amsa: Malam, dattawa ba su yi ƙarya ba, ƙwallo ba ta cika ciki. Sai dai ba abinci da ɗaki kaɗai yaran nan suka rasa ba. Wanda ya gudo daga Wad Madani a Disambar 2023, ko daga Sinja a tsakiyar 2024, ya rabu da makaranta da maigida da duk wanda zai tambaye shi ina ya yini. Safiya da maraice duk ɗaya ne a wurinsa. Wannan giɓin ne wasa ke iya cikewa.

An gwada a wasu wurare. A 2003 aka fara gasar ƙwallo ta duniya ta marasa matsuguni a birnin Graz na ƙasar Austriya, bisa shawarar Mel Young da Harald Schmied. 'Yan wasa huɗu ne kowane ɓangare, a ɗan ƙaramin fili. Dokarsu da ta fi burge ni ita ce sau ɗaya tak mutum ke buga gasar, don ana so ya kama gabansa ne, ba ya dawwama a titi ba.

To, ku tsayar da lokaci, bayan la'asar misali, kada ya canza ko da mutum biyar ne suka zo. Wanda ya makara ya zauna a gefe. A raba aiki: wannan ya ɗebo ruwa a jarka, wancan ya jera duwatsun gola, wani ya kwana da ƙwallon ya dawo da ita gobe. Kada ku raina wannan na ƙarshe. Yaron da kowa ke yi wa kallon ɓarawo, yau an ba shi amana. Kyaftin ya riƙa juyawa. Ku kuma gauraya ƙabilu a kowace ƙungiya, mun ga rikicin ƙabilanci da ya faru a jihar Blue Nile a 2022.

Babban aikin yana wuyan mai horarwa. Ya san sunan kowa, ya lura da wanda bai zo ba. Wanda ya yi wata biyu yana zuwa kan lokaci, a kai shi wurin makaniki ko tela ko masunci a tsaya masa. In babu wannan, dattawa sun yi nasara a kanku.

Ku guji filin da aka yi faɗa a kansa, saboda ragowar bama-bamai, ku kuma hana su wanka a magudanan ruwan noma saboda tsargiya. Kafin ku sayi ƙwallo, ku je wa dattawan da maganar, ku roƙi ɗayansu ya zama uban ƙungiya.