Darasi Don Taron Jam'iyya: Ɗanka Yana Makaranta, Kai Kana Ina?

A karanta: 1 Sama'ila 1:20-28 da 2:12-21.

'Yan'uwa manoma, bari wani ya karanta ayoyin nan da ƙarfi kafin a shiga magana, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji.

Hannatu matar Elkana ta roƙi Allah ɗa, Allah kuwa ya ba ta. Da ta yaye shi sai ta kai shi Shilo, ta bar shi a hannun Eli firist. Yawancinmu nan mu ke tsayawa da labarin. Amma ku duba sura ta biyu. Kowace shekara, sa'ad da za su tafi miƙa hadaya, takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Mace ba ta yanka wa yaro riga sai ta yi tunanin tsawon da ya ƙara. In ta je kuma, za ta gani da idonta ko ya rame ko ya yi ƙiba. Ku lura kuma gidan Eli ba marar aibi ba ne, gama 'ya'yansa, Hofni da Finehas, miyagu ne. Duk da haka Hannatu ba ta janye ɗanta ba, ba ta kuwa daina zuwa ba.

Makaranta ba baƙuwa ba ce a Roni. Tun zamanin Turawa mishan na SIM suka yi makarantar kwana ta yara maza a nan. A watan Satumba 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fara shirin UPE, watau furamare kyauta ga kowane yaro. A lokacin muna cikin Jihar Kano, gama ba a yanke Jigawa ba sai 1991. Aka gina azuzuwa a ƙauyuka cikin gaggawa, yara kuwa suka zo fiye da yadda aka yi lissafi. A 1999 aka kawo shirin UBE, dokarsa ta 2004 kuma ta ce karatun shekara 9, shida a furamare, uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne, tilas ne kuma. Uban da ya hana ɗansa, da fari a tsawata masa, in ya sāke a ci shi tara ko a ɗaure shi.

Wannan alheri ne. Amma ya bar wata magana a bakin iyaye, wai makaranta ta gwamnati ce. Abin da a ke ce da shi na gwamnati kuwa, kun san ba mai leƙa shi.

Ko'ina aka zauna da iyaye a ƙauyukan Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura, kukan kusan ɗaya ne. Malam yana zaune a gari, sai rana ta ɗaga babur ɗinsa ya iso, ran da aka yi ruwa kuwa ba a ganinsa. Iskar farkon damina ta yaye kwano, shekara ta zagayo ba a mayar ba. An ce kyauta, amma ga kuɗin riga, ga na littafi, ga na jarrabawa. A wasu wurare babu malamin da zai koya wa 'ya'yanmu addinin Kirista. Abin da ya fi zafi kuwa shi ne yaro ya kai aji biyar, a miƙa masa wasiƙa ya kasa karantawa.

Kukan nan gaskiya ne. Amma malam ma yana da nasa, yana kuwa rubuce cikin rajista. Zango na uku yakan kai har Yuli, shi ne kuma na jarrabawar ƙarshen shekara. Daidai lokacin nan ne mu ke shuka da noman firi. Dogon hutu yakan zo ya taimake mu da maimai, amma da an koma a Satumba sai gero ya nuna, gyaɗa da wake su biyo, dawa kuma tana jira. Mu yi lissafi. A ce yaro ya rasa kwana 2 kowane mako har mako 6 saboda noma, kwana 12 ke nan. A ce ya rasa mako 3 cur da kaka, kwana 15. Jimla 27. Cikin shekara shida ya rasa kwana 162, watau ya kusa shekarar karatu guda. Ba kuma kwanakin kaɗai ya rasa ba. Karatu kamar kunya ya ke a gona, in wani wuri ya karkace sauran duk su bi shi. Yaron da bai kama haɗa baƙi a aji ɗaya da aji biyu ba, zaman ɗumama benci zai yi har ya fita.

Uba ba ya janye ɗansa don mugunta. Ciyawa ce ba ta jira. Don haka wa'azi kaɗai ba zai warkar da abin ba, sai an sami hannun da zai maye gurbin na yaron. Nan ne jam'iyyar gama kai ta fi kowa iko. In mun iya haɗa kuɗi mu sayi taki buhu-buhu, za mu iya haɗa gayya. A fara da gonakin gwauraye da na gidajen da ba su da samari, gama su ne su ke fara cire yara. Aikin da ya ke bukatar yara a ajiye shi zuwa yamma da Asabar. Awaki da tumaki kuma, maimakon kowane gida ya tura ɗansa kiwo, a ɗauki mutum ɗaya ya kora na jam'iyya duka, a biya shi da hatsi da kaka.

'Yan mata abinsu dabam ne, ba a kuwa cika ambatonsa a taron maza. Su ne masu kai abinci gona, su ne masu goyon ƙanne. Tsarin ilimi na ƙasa na 2013 ya sa shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, domin 'yan shekara biyar. Inda akwai ajin nan, ku kai yaranku. Kada ku auna shi da ko yaro ya dawo yana Turanci, ko da kyan riga irin ta makarantun kuɗi na gari. Ku duba ko akwai babba a tare da su daga safe har tashi, ko akwai ruwan sha da inuwa da salga, da wanda zai rako su gida. Amma 'yan shekara biyu da uku fa, ajin nan bai ɗauke su ba, su ne kuwa su ke tsare yayyensu a gida. Zumuntar Mata za ta iya raba kwana, mata biyu kowace safiya su riƙe ƙananan a inuwar majami'a har makonnin noma su wuce.

Sai maganar zuwa, irin na Hannatu. Ba sai ka iya karatu za ka duba littafin ɗanka ba. Buɗe ka gani ko akwai jan biro na malam, ko shafi yana ƙaruwa daga mako zuwa mako. Sa shi ya karanta maka aya ɗaya da dare, ko lambobin da ke jikin buhun taki. Akwai kuma kwamitin kula da makaranta, inda hedimasta ya ke zama da wakilan iyaye, da na mata, da na mai gari, da na addini. Kada mu ce mu kaɗan ne, mu ƙi kujerar. Kwanon da ya ke yoyo a kan ɗanka, shi ne ya ke yoyo a kan ɗan maƙwabcinka Musulmi, in kuka tafi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma tare, za a fi saurarenku.

Aikin wannan wata: sakatare ya rubuta sunayen 'ya'yan 'yan jam'iyya daga shekara 5 zuwa 15, da ajin kowane. A zaɓi maza biyu da mata biyu su je su gai da hedimasta, da ladabi, ba da faɗa ba, su roƙe shi ya nuna musu watannin da yaranmu suka fi yin fashi bara. Su kawo amsa a taro mai zuwa, domin a tsara ranakun gayya tun ruwan shuka bai sauka ba.