Kafin Ku Kai Keke Cikin Duwatsu

'Ya'yana, tun da sha'awar hawan keke cikin duwatsu ta kama ku, kuna tara kuɗi kuna leƙa hotunan kekuna a waya, na ga ya dace mu zauna mu yi magana kafin kuɗin su bar aljihu. Ba hana ku zan yi ba. Wasa ne mai kyau, yana gina jiki, yana koya wa mutum natsuwa. Fatana kawai ku sayi abin da ya dace da ƙasar da za ku taka da kuma jikin da Allah Ya ba ku.

Waɗanda suka fara wannan wasa ma ƙasa ce ta koya musu abin da suke bukata. A shekarun 1970, wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa gangarowa daga duwatsun yankinsu, irin su Tamalpais, a kan tsofaffin kekuna masu kaurin taya. A tseren da suka fara a 1976, birkin da ke cikin cibiyar tayar baya yakan yi zafi har giris ɗinsa ya ƙone, sai an cusa sabo bayan an sauko. Irin wannan wahala ce ta sa ɗayansu, Joe Breeze, ya ƙera keke musamman domin dutse a 1977, kamfanin Specialized ya fito da keken Stumpjumper kasuwa a 1981, har wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Don haka ku fara tambayar kanku ina za ku hau. Tsaunukan Shere na Jos daban, gindin Kufena a Zariya daban, hanyar gona mai yashi da kwazazzabai ita ma daban.

Sai girman keken. Keke ba rigar Sallah ba ce da ake ɗinka wa yaro da girma don ya cika ta baɗi. Ku tsaya da keken a tsakanin ƙafafunku, tafin ƙafa a ƙasa. In ƙarfen sama yana taɓa ku, ya yi muku girma, kuma ranar da kuka diro ba shiri za ku ji a jikinku. In kun zauna kun kama kan keken, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, kada ku riƙa miƙa kamar masu roƙo.

Na san wanda ke ɗaukar idonku, mai shokozoba gaba da baya. In na kirki ne, yana da tsada ƙwarai, gyaransa ma haka. Na araha kuwa, mai ƙaton sifirin a tsakiya, nauyi ne kawai da tsalle-tsalle, yana shanye ƙarfin ƙafa a hawan tudu. Da kuɗi ɗaya, mai shokozoba a gaba kaɗai zai zo muku da birki da giya mafi inganci, kuma wanda ke nutsewa milimita 100 zuwa 120 ya ishe mai koyo. Masu milimita 200 na 'yan gangara ne zalla, waɗanda mota ke kai su saman dutse. Tayoyi kuma iri uku ne: inci 29 ta fi tsallake duwatsu, 27.5 ta fi dacewa da mai matsakaicin tsayi, 26 tsohon yayi ce amma kada ku raina ta. Ku fara zagayawa wurin masu kayan keke na garinku ku ji wacce suke da tayarta da tiyub ɗinta.

Yawancinku gwanjo za ku saya, kuma babu aibu a ciki. Sai dai ku goge ƙura ku duba duk inda aka yi walda, musamman wuyan keken da gindin sirdi. Tsagewa ko da siririya ce, ku bar shi. In keken ƙarfe ne, mai walda zai iya ɗinke shi, alminiyum kuwa sai ƙwararre da kayan aiki na musamman. Akwai kuma abin da mutane ba sa lura da shi. Keken da ya fito daga Ingila, birkin gaba yana hannun dama. Na Amurka da yawancin Turai yana hannun hagu. Ku tantance wannan tun a fili, domin wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi a gangara yana zaton na baya ne, ta saman keken zai wuce.

Birki mai faifai ya fi mai matse rim, balle da damina. Mai aiki da mai ya fi ƙarfi da laushi a hannu, amma man ba iri ɗaya ba ne. Birkin kamfanin Shimano man ma'adini yake sha, wasu kamfanoni kuma man birkin mota, in aka musanya robobin ciki za su lalace. In babu wanda ya san aikin a kusa da ku, ku ɗauki mai waya, wanda kowane mai gyaran keke zai iya ɗaure muku.

Yanzu bari in daɗe a kan takalmi, don nan ne nake ganin samari suna sakaci. Mutum zai zuba duk kuɗinsa a keke, ya hau da silifas ko takalmin ƙwallo. A kan dutse, nauyin jiki kusan duka a kan feda yake, domin a gangara tsaye ake, ba a zaune ba. In ƙafa ta zame daga feda, tafiya ta ƙare, sai ƙauri ya sha haƙoran fedar. Takalmin gudu ma bai dace ba: tafinsa mai laushi ne yana naɗewa a kan feda, ba a jimawa tsakiyar ƙafa ta fara zogi. Abin nema shi ne mai shimfiɗaɗɗen tafi, mai ɗan tauri, da roba mai kama ƙananan ƙusoshin feda, da baki mai ƙarfi wanda zai kare yatsu in sun daki dutse. Kamfanin Five Ten ya yi suna a nan ne saboda robar da ya saba yi wa masu hawan dutse da hannu da ƙafa ita ya ɗora wa takalmin keke. In kuɗi ba su kai ba, kambas mai shimfiɗaɗɗen tafi mai kauri zai riƙe ku. Ku gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da za ku riƙa sawa. Igiyarsa ku cusa ta ciki, kada sarƙa ta kama.

Akwai takalmin da ke maƙalewa a feda da ɗan ƙarfe a ƙasansa, irin wanda Shimano ya fito da shi a 1990, sai an murɗa diddige waje yake saki. 'Yan tsere suna son sa, kuma suna da hujja. Ni dai shawarata ku jinkirta. Ku fara koyon sauke diddige ƙasa a gangara da matse keken da ƙafa a kan feda ta sarari, inda za ku iya dira duk sanda zuciya ta tsinke. In lokacin maƙalawar ya yi, ku sassauta sifirin ɗin fedar ku yi ta gwaji a kan ciyawa.

Hular kwano ita kaɗai ce ba na yarda a saya a gwanjo. Soson da ke cikinta murƙushewa yake yi ya shanye duka, kuma sau ɗaya yake wannan aiki. Hular da ta taɓa dukan ƙasa tana iya zama lafiya lau a ido alhali ta gama amfani. Ku duba cikinta ku ga tambarin EN 1078 na Turai ko CPSC na Amurka. Ta zauna daidai, yatsu biyu sama da gira, igiyar haɓa a ɗaure. Hular masu gini ba ta wannan aiki, don Allah kada ku yaudari kanku da ita. Safar hannu da tabarau ba su da tsada, ku haɗa da su. Wando mai faɗin ƙafa a ɗaure shi, 'yan matanmu masu sha'awa su ma su tattare mayafi kada ya kusanci taya.

Ƙasarmu ƙasar ƙaya ce, tsidau kaɗai ya isa ya mayar da mutum gida a ƙafa. Taya marar tiyub da ake zuba wa ruwan liƙi tana toshe ƙananan huji da kanta, amma ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, da zafinmu ma ya fi sauri, sai a riƙa dubawa. Ko da ita, kada ku fita babu tiyub, famfo da kayan faci. Kuma ku hana mai faci cika taya tam kamar ta amalanke. Taya mai kauri tana son iska tsakanin 22 da 30 a ma'aunin famfo, gwargwadon nauyin mahayi, don ta lanƙwasa ta kama dutse. Sarƙa kuwa, baƙin man inji yana tara ƙurar hunturu ya cinye haƙoran giya. Ku ɗiga man sarƙa kaɗan ku goge sauran da tsumma.

Ranar saye, ku tafi da wanda ya san keke, kuma kada ku biya sai kun hau. Ku sauya giya daga ta farko har ta ƙarshe, ku damƙe birkin gaba ku tura keken gaba da baya ku ji ko wuyansa yana ƙwanƙwasa, ku ɗaga kowace taya ku juya ta ku ga ko tana rawa. Mai sayarwar da ya hana ku wannan gwaji, ku yi masa sallama cikin mutunci ku wuce rumfa ta gaba.