Abin Da Keke Zai Koya Mana A Hanyoyin Ƙasar Gaya

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. A cikin aji muna haddace sunayen manyan kogunan duniya, irin su Nilu da Kwara da Binuwai, amma da yawa daga cikinmu in an tambaye su inda ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil ya fito, da inda ya nufa, sai su yi zuru. Saboda haka na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayani a kan wata hanya mai sauƙi ta sanin ƙasarmu, watau yawon keke a kan turba da hanyar burji lokacin hutu. Ni mutumin Balan ne, a Ƙaramar Hukumar Gaya, don haka da ƙasarmu zan ba da misali.

Da farko dai kada wani ya raina hanyar da ba kwalta. A Amurka akwai wani tseren keke da aka fara a garin Emporia na Jihar Kansas a shekarar 2006, inda mahaya ke cin kimanin kilomita 320 a kan hanyar tsakuwa. A shekarar 2022 kuma aka yi gasar duniya ta farko ta irin wannan tsere a Italiya. Mutane ne ke barin kwalta da gangan, har su biya kuɗi, don su hau irin hanyar da mu muke bi kullum zuwa gona da kasuwa. To, tun da Allah Ya ba mu ita kyauta, sai mu san yadda za mu ci amfaninta.

IRIN ƘASAR DA ZA A TAKA

Mahayi zai gamu da ƙasa iri huɗu, kowace kuwa da yadda ake bi da ita. Ta farko ita ce burji, watau jar tsakuwa da aka zuba aka daddaɓe. Tana da daɗin gudu, amma in motoci sun daɗe suna bi sai ta yi tudu-tudu, ta riƙa girgiza keke har kusoshi su kwance. A kan kwana kuma tsakuwar takan zame, don haka a rage gudu tun kafin a iso, kada a damƙe birkin gaba da ƙarfi.

Ta biyu ita ce jigawa, wadda ta fi yawa a wajenmu. Rairayi shi ne babban abokin gabar keke. Dabararsa ita ce a ɗan rage iskar taya don ta baje, a koma da nauyi baya a kan sirdi, a bi sawun da waɗansu kekuna suka riga suka taka, kada kuma a daina tuƙi. In ya yi zurfi, ba abin kunya ba ne a sauka a tura.

Ta uku fadama. Da rani ƙasarta takan bushe ta tsattsage, ta yi tauri kamar daɓe. Da damina kuwa laka takan cika tsakanin taya da madigadi har keken ya ƙi motsi. Ta huɗu ita ce ƙasar duwatsu, mai hawa da gangara, inda birki ya fi kome muhimmanci.

Saboda wannan ne na ga hutun ƙarshen shekara ya fi dacewa da wannan yawo. An gama girbi, laka ta bushe, rana kuma ba ta yi zafin bazara ba.

HANYA TA FARKO: CIKIN GAYA

Wanda zai fara, ya fara da gida. Daga Balan ko Kademi ko Shagogo, sai a bi turba a ratsa gonakin gero da dawa da gyaɗa a shiga Gaya. Garin nan ba ƙaramin matsayi gare shi a tarihi ba. Labarin da aka gada ya nuna cewa waɗansu maƙera ne daga Gaya suka tafi gindin Dutsen Dala neman tama, shugabansu kuwa sunansa Kano, daga gare shi birnin ya sami suna. Zuriyarsu su ne ake kira Abagayawa. Masu binciken kayan tarihi kuma sun gano alamar cewa tun wajen ƙarni na 7 ake narka ƙarfe a Dala. Ashe ke nan ɗan Gaya da ya tsaya a maƙera yana kallon zuga-zugi da uwar maƙera, sana'ar da ta kafa Kano yake kallo.

A tsohon gari irin wannan, abin da ya kamata ɗalibi ya nema shi ne inda ganuwa ta bi, da sunayen ƙofofi da na unguwanni, da tsofaffin rijiyoyi da kududdufai. Sau da yawa kududdufi ramin da aka haƙi ƙasar gini ne. Ya kuma nemi dattijo ya gaishe shi, ya tambayi dalilin kowane suna, ya rubuta. Waɗannan labarai ba duka ke cikin littafi ba, kuma duk tsohon da ya rasu ba a tambaye shi ba, ya tafi da nasa.

HANYA TA BIYU: BAKIN KOGI

Daga Gaya zuwa Wudil kimanin kilomita 20 ne ta yamma. Kogin da muke kira Kogin Wudil, shi ne masu labarin ƙasa ke rubutawa Kogin Haɗeja. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suka haɗu kafin Wudil suka zama shi. Daga nan ya nausa arewa maso gabas ta gefen ƙasar Ajingi, ya wuce Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru. Can gaba ya haɗu da Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe wanda ke zuba a Tafkin Chadi.

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuwa a 1992. Tun daga lokacin, yawan ruwan da ke wucewa Wudil bai dogara ga ruwan sama kaɗai ba, har da abin da aka sako daga madatsun nan. Wannan darasi ne biyu. Na ɗaya, shi ya sa ake samun ruwan noman rani, mahayi ya ga lambunan albasa da tumatir da tattasai kore shar alhali jigawa ta bushe. Na biyu, kogin yana iya ƙaruwa ko da ba a ga hadari ba. Don haka kada kowa ya ce zai tsallaka da keke a kafaɗa. A bi gada, ko a nemi masu fito.

A wannan hanya a lura da yadda itatuwa ke sakewa. A tudu kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo ne, in an gangaro kuwa sai giginya da mangwaro da gwaiba su yawaita. Ga masunta da komarsu, ga balbela na bin shanu. In tafiyar ta faɗo ranar Juma'a, sai a ga karar shanu ta Wudil tana ci.

HANYA TA UKU: DUWATSUN DUTSE

Wannan ta waɗanda suka saba ce, domin daga Gaya zuwa Dutse ya kusa kilomita 40 ta gabas. Gwargwadon yadda ake matsowa, sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta fara tudu da kwari, har a hango manyan duwatsun da garin ya ci sunansu, da itatuwan dabino a gindinsu. Tsohon garin, watau Garu, inda fadar Sarki take, a tsakanin duwatsu yake. Wanda ya tsaya can ya duba, ba sai an gaya masa dalilin da mutanen dā suka zaɓi wurin a zamanin yaƙe-yaƙe ba. Dutse ta zama hedkwatar Jihar Jigawa a 1991, lokacin da aka cire jihar daga Kano. Mai zuwa can ya shirya kwana wurin 'yan'uwa, kada ya ce zai je ya dawo a yini ɗaya.

SHIRIN TAFIYA

Ba sai da keke mai tsada ba. Tsohon Raleigh ko Phoenix na gida ya isa, muddin an duba birki, an ɗaure kusoshi, an sa wa sarƙa baƙin mai. A ɗaura famfo da faci da sholisho da sifana a kariya, domin tsidau da ƙayar aduwa ba su san sabuwar taya ba. A riƙe ruwan sha wadatacce, da ƙuli-ƙuli ko dabino, da littafin rubutu da fensir.

A nemi izinin iyaye, a gaya musu hanyar da za a bi. A tafi mutum uku ko huɗu, don in ɗaya ya sami matsala wani ya tsaya da shi, wani ya nemo taimako. A fita bayan sallar asuba, a huta da azahar, a koma masauki kafin magariba. In an iso gari a sauka daga keke a yi sallama, in an gamu da garke a burtali a ba shi hanya, kada kuma a ratsa ta cikin shukar mutane. In hanya ta rabu biyu a yi tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu su riƙa ara mana keke da hutu, su kuma haɗa mu da dattawan da suka san tarihi. 'Yan'uwana ɗalibai kuwa, kowa ya dawo da taswirar hanyar da ya bi, da sunayen ƙauyuka da itatuwa da labarin da ya ji, mu tara su a laburaren makaranta don na baya su amfana. Allah Ya kai mu hutu lafiya, Ya kiyaye hanya, amin.