Hazon San Faransisko da Baƙon Kwana Uku: Nazarin Yanayi da Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma kafin matafiyi ya ɗaura kaya yakan dogara ne ga kalmomin da ya ji game da inda za shi. Idan kalmomin nan suka ba shi siffar da ba ita ba, to, guzurinsa ma zai saɓa. Birnin San Faransisko na Jihar Kalifoniya a ƙasar Amurka kyakkyawan misali ne na wannan al'amari. Miliyoyin mutane suna ziyartarsa kowace shekara, da yawansu a watannin Yuni da Yuli da Agusta, lokacin hutun makarantu. Sukan iso da tufafi marasa nauyi domin sun ji an ce lokacin zafi ne, sai su tarar da iska mai sanyi da hazo mai kauri, har gadar da suka zo gani ta ɓace musu.

A cikin wannan maƙala za a duba wurin da birnin yake da taƙaitaccen tarihinsa, da yadda hazon yake samuwa, da matsalar da kalmomin “hazo” da “bazara” suke jawowa wajen fassara, sa'an nan a kawo tsarin da baƙo mai ɗan gajeren hutu zai iya bi.

2.0 Birnin da Tarihinsa

San Faransisko yana kan wani zirin ƙasa wanda ruwa ya kewaye ta gefe uku. A yamma akwai Tekun Fasifik, a gabas akwai wani babban lungu da teku ya yi cikin ƙasa, a arewa kuwa akwai mashigin da ya haɗa su, wanda ake kira Golden Gate, watau Ƙofar Zinariya. Faɗin birnin bai wuce murabba'in kilomita 121 ba, kuma ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mazaunansa 873,965 ne. Duk da ƙanƙantarsa cike yake da tuddai.

Hazo yana cikin tarihin wurin tun farko. Jiragen ruwan Turawa sun shafe fiye da shekara 200 suna wucewa ta wannan gaɓa, tun daga tafiyar Juan Cabrillo a 1542, ba tare da sun ga mashigin ba, kuma masana tarihi sukan lissafa hazo cikin dalilan haka. Sai a 1769 ayarin Gaspar de Portolá, wanda ya biyo ta tudu, ya hango lungun tekun, a 1775 kuma jirgin Turawa na farko ya shiga cikinsa. Mutanen Sifen suka kafa sansanin soja da gidan mishan a 1776. A 1847 aka sa wa garin sunan da yake da shi a yau. Da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848, jama'a suka yi ta kwararowa, mazauna garin suka tashi daga kimanin 1,000 zuwa kimanin 25,000 a ƙarshen 1849. A ranar 18 ga Afrilu, 1906, girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo bayanta suka hallaka fiye da mutum 3,000, suka kuma cinye mafi yawan birnin. Saboda haka galibin gine-ginen da baƙo zai gani a tsakiyar gari bayan wannan shekara aka yi su.

3.0 Yadda Hazon Yake Samuwa

Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa su haifar da wannan hazo, kuma kowanne yana rataye da na gabansa.

Na farko shi ne sanyin ruwan teku. Akwai igiyar ruwa mai sanyi da take gangarowa daga arewa ta bi gaɓar Kalifoniya. Bugu da ƙari, a watannin nan iskar arewa maso yamma takan kore ruwan saman teku daga gaɓa, sai ruwan ƙasa, wanda ya fi sanyi, ya taso ya maye gurbinsa. Don haka ɗumin ruwan bai cika wuce digiri 11 zuwa 14 a ma'aunin Salshiyas ba.

Na biyu shi ne laimar iska. Iskar da ta keto teku tana ɗauke da tururin ruwa. Da ta bi ta kan ruwan nan mai sanyi sai ita ma ta huce, tururin ya koma ƙananan ɗigon ruwa masu shawagi. Duk wanda ya taɓa fito da kwalbar lemo daga firji ya ga ta yi gumi, ya ga irin wannan aiki a ƙaramin mataki.

Na uku shi ne zafin cikin ƙasa. Bayan duwatsun gaɓa akwai wani babban kwari na noma inda zafi yakan kai digiri 38 ko fiye. Iska mai zafi takan yi sama, ta bar gurbi, sai iskar teku ta yunƙuro domin ta cike shi. Duwatsu sun tare ta, amma a Ƙofar Zinariya akwai kafa daidai da fuskar teku, don haka ta nan hazon yake turowa kamar hayaƙi ta taga.

Na huɗu shi ne wata iska mai ɗumi da take zaune a sama kamar murfin tukunya, ta hana hazon tashi. Wannan shi ya sa a wasu ranaku akan ga kawunan ginshiƙan gada a cikin rana tsaf, alhali jikin gadar ya nutse.

Daga nan za a fahimci dalilin da ya sa hazon yake da lokaci. Galibi yakan shigo da la'asar sakaliya, ya kwana, ya janye da hantsi idan rana ta yi ƙarfi. Za a kuma fahimci dalilin da ya sa unguwanni suka bambanta: na yamma, irin su Sunset da Richmond, sukan wuni a lulluɓe, amma unguwar Mission, wadda tuddan Twin Peaks masu tsawon kimanin mita 280 suka kare, takan sami rana. Matsakaicin zafin rana a tsakiyar birnin a watan Yuli kimanin digiri 19 ne kawai. Watan Satumba ya fi shi ɗumi, domin a lokacin hazon ya ragu. Wani bincike da masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka buga a 2010 ya nuna cewa hazon gaɓar ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku tun farkon ƙarni na 20.

4.0 Matsalar Kalmomi

Ga Bahaushe, hazo abu ne na hunturu. Ƙura ce da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Busasshe ne, yana fasa leɓe, yana kawo kaushi da faso, yana kuma bin kayan ɗaki ya kwanta. Hazon San Faransisko kuwa ruwa ne zalla. Yakan jiƙa riga da gashi, wani lokaci har ya zubo kamar yayyafi, kuma ya fi kusa da raɓa ko gajimaren da ya sauko ƙasa. Abin da ya haɗa su shi ne hana gani da kawo sanyi, kuma wannan kamanci ne ya sa mai fassara yake kiran duka biyun da suna ɗaya. Inda bambancin yake da muhimmanci, ya kamata a ce “hazon ƙura” da “hazon ruwa”, domin wanda aka ce wa hazo kurum zai tanadi man shafawa, alhali rigar da ba ta shan ruwa yake bukata.

Matsalar lokutan shekara ta fi wannan sarƙaƙiya. Turawa sun kasa shekara bisa ga zafi da sanyi, Hausawa kuwa sun fi la'akari da ruwan sama da aikin gona. Lokacin zafin Turawa, watau Yuni zuwa Agusta, akan fassara shi da bazara. Amma idan aka auna wannan lokaci a San Faransisko da kalmomin Hausa, za a ga kowace ta kama gefe guda ta saki saura. Ta fuskar watanni ya yi daidai da damina. Ta fuskar ruwan sama rani ne, gama da ƙyar ake samun ruwa sai daga Nuwamba zuwa Maris. Ta fuskar abin da jiki yake ji, safiyarsa ta fi kama da ta ɗari. Bazara, wadda a Kano zafinta yakan kai digiri 40 a watan Afrilu, ita ce ma ta fi nisa da shi. Don haka mai fassara zai fi kyautata wa mai karatu idan ya ambaci watannin da sunayensu, ya kuma faɗi yanayin a fili.

5.0 Tsarin Ziyarar Kwana Uku

Ƙa'idar da ta fito daga bayanan da suka gabata ita ce, baƙo ya yi gabashin gari da safe, ya nufi bakin teku da tsakar rana, ya kuma riƙe rigar sanyi a hannu ko da ya ga rana ta fito.

A rana ta farko sai ya fara da tsakiyar gari. Nan ne zai hau taragun nan da igiyar ƙarfe take ja daga ƙarƙashin titi, waɗanda Andrew Hallidie ya ƙaddamar a 1873 domin hawan tuddai. Layi uku ne suka rage, igiyar kuwa tana tafiya ne a kan kimanin kilomita 15 cikin awa, ba ta ƙari ba ta ragi. Kusa da nan akwai Unguwar Sinawa, wadda ita ce mafi daɗewa a Amurka ta Arewa. Tarihinta ya haɗa da dokar 1882 wadda ta hana ma'aikata Sinawa shiga ƙasar. Haka kuma akwai ginin tunawa da tsofaffin sojoji inda wakilan ƙasashe 50 suka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a ranar 26 ga Yuni, 1945, majalisar da Nijar da Nijeriya suka shiga a 1960.

Rana ta biyu ta tsibirin Alkataraz ce, mai nisan kimanin kilomita 2 daga gaɓa. A nan aka kunna fitilar jagorar jiragen ruwa ta farko a gaɓar yammacin Amurka a 1854. Daga 1934 zuwa 1963 kurkukun gwamnatin tarayya ne, inda aka tsare riƙaƙƙun masu laifi irin su Al Capone. Sanyin ruwan da yake haifar da hazo shi ne kuma katangar kurkukun, domin ninƙaya a cikinsa kasada ce. A 1962 fursunoni uku suka sulale da dare, ba a sake ganinsu ba. Daga Nuwamba 1969 zuwa Yuni 1971 'yan asalin ƙasar, watau Indiyawan Amurka, suka mamaye tsibirin don neman haƙƙinsu, kuma har yau akwai sauran rubuce-rubucensu a jikin gine-gine. Tikitin jirgin ruwan zuwa can yakan ƙare tun da sauran kwanaki a watannin hutu, saboda haka rigakafi ya fi magani. A dawowa baƙo zai iya tsayawa a Pier 39 ya kalli zakunan teku da suka fara taruwa a wurin bayan girgizar ƙasa ta 1989.

Rana ta uku ta gada ce. An fara gina Gadar Ƙofar Zinariya a 1933 a ƙarƙashin babban injiniya Joseph Strauss, aka buɗe ta a ranar 27 ga Mayu, 1937. Tsawonta kilomita 2.7, tazarar da ke tsakanin ginshiƙanta biyu mita 1,280, tsayin kowane ginshiƙi kuma mita 227. Launinta ja mai ruwan lemo ne, kuma cikin dalilan zaɓensa akwai fitowar da yake yi a cikin hazo. An ɗora mata ƙahonni masu ƙara don gargaɗin jirage, abin da ba wasa ba ne idan aka tuna cewa a 1901 wani jirgin fasinja ya nutse a bakin mashigin cikin hazo, mutum fiye da 120 suka rasu. Tsakanin hantsi da azahar ne aka fi sa ran ganinta sarai. Wanda ya haye ta zai isa dajin Muir Woods, inda dogayen itatuwan Redwood, waɗansu fiye da mita 70, suke shan ruwan hazon da yake ɗiga daga ganyayensu a watannin da ba a ruwan sama. Tun 2018 sai an kama wurin ajiye mota ko kujerar bas kafin a je.

Ɗalibin Hausa da ya sami rarar yini yana iya hawa jirgin ƙasa zuwa Jami'ar Stanford a kudu da birnin. A nan Joseph Greenberg ya koyar daga 1962. Shi ne ya yi bincike a kan Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, kuma rabe-raben harsunan Afirka da ya buga a 1963 ya tabbatar da matsayin Hausa a reshen Chadi na dangin Afro-Asiya.

6.0 Kammalawa

An ga cewa hazon San Faransisko yana fitowa ne daga haɗuwar ruwa mai sanyi da iska mai laima da zafin cikin ƙasa, kuma yana da lokacin zuwa da na tafiya da unguwannin da ya fi sauka. Wanda ya san haka zai tsara kwanakinsa uku yadda ba zai yi asarar su ba. An kuma ga cewa “hazo” da “bazara” ba su cika ɗaukar nauyin wannan yanayi ba sai an ƙara musu bayani. Irin wannan giɓi yana nan a wasu kalmomin yanayi, kamar “ƙanƙara”, wadda ake amfani da ita ga ta firji da mai faɗowa da ruwan sama da kuma mai sauka kamar auduga a ƙasashen sanyi. Tattara waɗannan kalmomi da tantance ma'anoninsu aiki ne da ya kamata ɗaliban fassara su sa a gaba.