Fitsarin Jini, Sankarar Mafitsara da Rayuwa Bayan Aiki

Karatu: 2 Sarakuna 20:1-7

Sa'ad da sarki Hezekiya ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, ya yi kuka ga Ubangiji, aka kuwa ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Ashe addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Bari mu riƙe wannan yayin da muke nazarin wata cuta da kunya take sa iyalai su ɓoye ta.

Mafarin cutar

Alamar farko ta sankarar mafitsara ita ce jini cikin fitsari, sau da yawa ba tare da zafi ba. Shan taba ne babban sanadinta a duniya. A ƙasarmu kuma akwai tsargiya, wadda ake ɗauka a tafki da fadama inda katantanwa take. Waɗansu suna ɗaukar fitsarin jinin yaro alamar balaga ce, alhali tsargiyar da ta daɗe ba magani tana iya zama sankara bayan shekaru. Maganinta, Praziquantel, ƙwaya ce mai sauƙin sha.

Ceton mafitsara

Idan tsiron bai shiga tsokar mafitsara ba, likita yakan zura siririyar na'ura ta hanyar fitsari ya kankare shi, ba a tsaga ciki ba. Daga baya akan zuba magani cikin mafitsarar, kamar BCG, irin rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai; tun 1976 ake amfani da shi haka. Ko tsiron ya shiga tsoka, waɗansu sukan tsira da mafitsararsu idan aka haɗa abu uku: kankarewa, gashi da na'ura, da allurar kashe ƙwayoyin sankara. Amma idan ya yi girma, sai an cire mafitsarar ɗungum, fitsari ya riƙa zuba cikin jaka a gefen ciki, ko a ɗinka sabuwa da guntun hanji. Zuwa asibiti da wuri shi yake buɗe ƙofar zaɓi.

Rayuwa bayan aiki

Wanda aka bar masa mafitsara yakan yi fitsari kamar dā, ko da yake yana iya fama da yawan fitsari ko raɗaɗi na ɗan lokaci. Sai dai cutar tana da halin dawowa, saboda haka dole a riƙa leƙa mafitsarar, da farko kowane wata 3. Kada shaidar godiya a sujada ta sa a daina komawa wurin likita. Mai jaka kuwa yana iya noma, ya yi tafiya, ya zauna da iyalinsa. Darajarsa a gaban Allah ba ta ragu ba. Wajibin ikilisiya ne ta ziyarce shi, ta taimaka da kuɗin mota da na jakunkuna, kada a guje shi a kan benci.

Tambayoyi

1. Me ya sa muke jin kunyar faɗin ciwon fitsari, har ga matanmu ko mazanmu?
2. A wane ruwa 'ya'yanmu suke wanka?
3. Yaya zumuntar mata da dattawa za su ɗauki nawayar mai jinya?

Addu'a

Ya Ubangiji, ka ba likitoci hikima, ka ba marasa lafiya ƙarfin zuciya, mu kuma ka ba mu ƙauna mai aiki. Cikin sunan Yesu. Amin.